Ɗigo Ɗaya Kowace Awa

Shekara ashirin da shida a bakin kasuwar Tawa,
tebur mai ƙafa uku, dutse ne ta huɗun,
ina buɗe cikin agogon mutane
da tsinken da bai kai gashin gira kauri ba.
Ido ne jarina. Ban taɓa gode masa ba.

Wata Lahadi na dama ya yi ja.
Nomau mai albasa ya leƙo, ya ja da baya:
"Afolo ce, kar ka dube ni!"
Amma ba kwantsa, ba ƙaiƙayi,
sai ciwo daga can ciki
kamar mai wana agogo ya ƙi tsayawa.
Haske ya zama abokin gaba,
farin bango, kwanon rufi, bakin cokali.
Baƙaƙen ƙudaje suna iyo a gabana,
na kai musu mari, na mari iska.

Aka ce ruwan sukari.
Aka ce nonon mai jego.
Surukata ta aiko tozali a ƙullin leda.
Kwana tara na kashe a kan "aka ce".

A gidan likita, lokotoro Sahiya
ta sa na ɗora haɓa a kan ƙarfe,
ta zaro haske siriri kamar zare,
ta leƙa cikina yadda nake leƙa na agogo.
Ta ce, "Wannan ba a ɗauka, ba a rabawa.
Kumburi ne daga ciki.
Masu gadin jikinka ne suka ruɗe
suka far wa gidan da suke tsaro."
Sai tambaya: kana tari?
Bayanka na ƙagewa da asuba?
Na ce me ya haɗa baya da ido?
Ta yi dariya. "Kai ne za ka tambaye ni?
Haƙori ɗaya ya karye a ƙasa,
ba hannun sama ne ke tsayawa ba?"

Aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton ƙirji.
Kwalba biyu, jikka bakwai a farmasi.
Fara, a girgiza ta, ɗigo ɗaya kowace awa.
Ɗayar tana wage baƙin ido
don kar ya manne da abin da ke bayansa,
sai lambobi su narke, sha biyu ta zama tabo.

Ɗiyata Tsahara ta ɗauko agogon ƙararrawa
na wani da ya tafi Abijan bai dawo karɓa ba.
Ni da na saba umartar lokaci
yanzu ƙarfe ke kira, in kwanta, in buɗe,
tana riƙe fatar idona da ɗan yatsa mai warin tafarnuwa.

Sati biyu, ja ya tafi.
Na ce alhamdu lillahi, na jefa kwalba a aljihun tebur.
Kwana huɗu ya dawo, da fushinsa.

Lokotoro ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ce, "Ba a sauka daga giginya da tsalle.
Shida, sannan huɗu, sannan biyu,
ni zan ce maka yaushe.
Kuma ka zo in auna nauyin ruwan idon,
maganin nan ma yana da halinsa,
yakan yi ɓarna ba tare da sallama ba."

Yau na koma tebur da baƙin tabarau.
Nomau yana zama kusa, har muna cin goro ɗaya.
Ƙuda guda ya rage, ƙarami, a gefen dama,
na daina kai masa hannu.
An ce ciwon yana iya komowa.
In ya komo, ba zan tambayi kasuwa ba.
Takardar lokotoro na nan cikin gwangwanin batura,
ranar Alhamis, ƙarfe tara,
agogon mutumin Abijan zai tashe ni.